Iskar dariya: a fara da mai sayarwa

Likitocin jijiyoyi sun san wannan alama. Matashi ya zo yana cewa minjirya ta kama masa yatsun ƙafa ta ƙi saki, bayan 'yan makonni sai ya koma dafa bango kafin ya taka. Idan aka matsa masa da tambaya, sai ya faɗi cewa balan-balan yake shaƙa, wanda aka cika da iskar gas ɗin nan mai sa dariya, naitiros oksaid. Mayenta bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, shi ya sa ake shaƙa ana ƙarawa. A cikin jiki kuwa tana kashe aikin bitamin B12, wanda shi ke kula da rigar da ta lulluɓe jijiyoyi da lakar baya. Wasu suna warkewa idan aka yi musu allurar bitamin ɗin da wuri, wasu kuma raunin ya zauna musu.

Iskar tana da amfaninta na halas, kuma a nan gizo ke saƙar. Tun 1844 likitan haƙori Horace Wells ya gwada ta wajen cire haƙori a Amurka. Har yau ana ba mata masu naƙuda ita a gauraye da iskar oksijin, masu yin kek kuma da ita suke kumbura kirim. Ba za a iya kawar da ita daga duniya ba.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Faransa ta hana sayar wa yara a 2021. Holan ta sa ta cikin jerin haramtattun ƙwayoyi daga 1 ga Janairu 2023. Birtaniya kuwa, daga 8 ga Nuwamba 2023, ta sa ta a rukunin C na haramtattun ƙwayoyi: mai riƙe da ita don ya bugu zai iya shan ɗaurin shekara 2, mai sayarwa shekara 14. Ta yi haka ne duk da cewa majalisar ƙwararrun da ke ba gwamnati shawara kan ƙwayoyi ta ce kada a ɗauki wannan mataki.

Ina tare da shekara 14 ɗin nan. Shekara 2 ce ke damuna. Yaron da ƙafarsa ta fara sagewa, saurin samun likita ne maganinsa, kuma idan ya san faɗin gaskiya zai iya kai shi gaban alƙali, ɓoyewa zai yi. Zai ce wa likita bai san mafarin ciwon ba, a yi ta gwaje-gwaje, jijiya tana ƙara lalacewa. Na san hujjar masu cewa tsoron kurkuku yana hana wasu farawa, kuma ban raina ta ba. Amma wanda ya riga ya faɗa ciki fa?

A dubi abin da ake sayarwa. Ɗan ƙaramin gwangwanin da ake sa wa injin kirim giram 8 ne kacal. Yanzu ga manyan silinda masu ɗaukar sama da giram 600, an yi musu fenti mai ɗaukar ido, wasu har da ƙamshin 'ya'yan itace, ana tallarsu a intanet ana kai wa mutum har ƙofar gida cikin dare. Wane mai gasa kek ne yake buƙatar wannan da ƙarfe biyun dare? Mai sayarwa ya san wanda yake saya. Dokar da ta bar masa ƙofar cewa "na girki ne" ta kashe maciji ba ta sare kansa ba. A ƙayyade girman silindar da za a sayar wa ɗaiɗaikun mutane, a hana sa mata ƙamshi, a tilasta wa dillali ya riƙe rajistar wanda ya saya, kuma a hukunta shafin da ya ɗauki tallar.

Sholisho da fetur da gas ɗin laita sun fi wuya, domin kayan aikin yau da kullum ne, kuma da yawa daga cikin masu shaƙarsu yara ne marasa galihu. Gas ɗin laita yana iya tsayar da zuciya a shaƙar farko. Birtaniya ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 gwangwanin cika laita tun 1999, kuma a nan ma mai kanti dokar ta kama. Yaron da ke kwana a titi da tsumma a hanci, abinci da wurin kwana da likita yake buƙata kafin ɗan sanda.