Sherif a tsohuwar dokar Ingila

Akan ɗauki sherif kamar ɗan sandan Amurka kawai. A Ingila asalinsa "shire reeve" ne, wakilin sarki a gunduma, kuma babban aikinsa tara kuɗi. Sau biyu a shekara, lokacin Ista da ƙarshen Satumba, yakan kai wa baitulmalin sarki "farm", wato kuɗin da aka yanka wa gundumarsa. Rasit ɗinsa sanda ce: a yi mata tsaga gwargwadon kuɗin, a tsage ta biyu a tsaye, kowa ya riƙe rabi. In tsagogin ba su dace ba, an yi coge.

Inda gizo ke saƙa shi ne rarar da ya tara bayan "farm" tasa ce, shi ya sa talakawa suka sha matsa. A 1170 Sarki Henry II ya binciki sherif-sherif, ya tuɓe da yawa.

"Fieri facias" kuwa umarnin kotu ne ga sherif cewa a ƙwace kayan wanda ake bi bashi a sayar. In sherif bai tarar da komai ba, sai ya rubuta "nulla bona", wato babu kaya. Kotunan Najeriya suna amfani da takardar "fieri facias" har yau.