Ni da Auta da Yaƙin Alkama

Da Auta ya cika shekara biyu da rabi rigimarsa ta kai intaha. Ka ba shi ruwa a jan kofi, shuɗi yake so. Ka kawo shuɗin, ya zube ƙasa yana birgima don me aka ɗauke jan. Ya gartsa wa yayarsa cizo, ya tsoma hular babansa a randa, sannan shi ne da kuka. Hajiya, surukata, ta ce jinin kakansa ne, shi ma haka ya yi ta yi har ya tara gemu. Maigida ya ce ƙuruciya ce. Ƙawata da ke aure a Ingila kuwa, da ta jiyo ihunsa ta waya, cewa ta yi: "Ke, alkama ce ke damun yaron nan. Cire masa gulutin ki sha mamaki."

Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani ɗan'uwansu da ba ma nomawa a nan. Shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo, ki ja shi ya biyo ki. Da na ji haka dariya na yi, na ce aiki ya zo da sauƙi. Mu nan Bauchi me ya haɗa mu da alkama? Masara, dawa, gero, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, riɗi, duk babu gulutin ko ƙwaya. Nama, kifi, ƙwai, nono, haka. Ashe tun kaka da kakanni muna kan tsarin da Turawa ke biya da tsada.

Sai da na zauna lissafa abin da Auta yake yarda ya buɗe baki ya karɓa ba tare da kokawa ba. Burodi. Indomie. Taliya da makaroni. Biskit. Fanke da cincin. Tuwon semo, wanda da yawa ba su san tsakin alkama ba ne. Kuskus na kwali, shi ma alkama. Funkaso da alkubus na ranar Juma'a, alkaki da dubulan na gidan biki, gurasar bakin titi. Wato duk abin da yaron ke rayuwa dominsa. Abin da ya rage masa shi ne tuwo miyar kuka, wanda tun yaye ya yanke hulɗa da shi.

Ko abin sha bai tsira ba. Milo da Bournvita da lemukan malt da tsiron hatsi ake yin su, wasunsu da na sha'ir. Yawancin konfilas na kwali, duk da masara ce, akwai malt ɗin sha'ir a ciki. Hatsin ot shi kansa ba shi da gulutin irin na alkama, amma a gona da masana'anta yakan gauraya da ita, sai wanda aka rubuta an tace. Garin kunun yara da nake saya a robobi, mai gero da waken suya da gyaɗa, da na tambayi mai haɗawa ta ce ai daɗinsa ma alkamar ce. Na koma mai karanta bayan kwali a kanti, har da na ɗanɗanon miya da tsiran leda, ina ƙanƙance ido ina neman kalmar alkama da Turanci, mai shago yana zaton ranar lalacewa nake dubawa, yana rantse mini sabon kaya ne.

Amma babban abin da ƙawata ba ta sani ba, a Ingila yaro na uwarsa ne, a unguwarmu kuwa na kowa ne. Auta ya fita zaure, mai shayin ƙofar gida ya yago masa burodi. Ya leƙa maƙwabta, Maman 'Yan Biyu ta damƙa masa fanke. Almajirin gidanmu ma, da ya ga yaro na kallon bakinsa, ya raba biskit ɗinsa biyu don Allah. Na bi gida gida ina roƙo, kowa ya ce to, a bayan idona kuma aka yanke hukunci cewa boko ya taɓa ni.

Hajiya ce ta fi ƙarfina. Na same ta da ladabi na ce: "Hajiya, don Allah idan ya shigo wajenku kada a ba shi abin fulawa."

Ta ce: "Ke 'yar nan, ni ban ba shi fulawa ba. Alkaki na ba shi."

Na ce: "Ai alkamar ce, Hajiya."

Ta ce: "To alkama kika hana ko fulawa? Ki tsaya wuri guda. Ubansa da alkaki na yaye shi, ga shi nan kin aura."

Ban da amsa.

Na ce to bari in yi masa burodinsa na kansa, ya daina kallon na mutane. Garin shinkafa gwangwani 3, yis ƙaramin cokali 2, sukari, gishiri, mai, ruwan ɗumi. Na rufe na kai rana. Yis ya yi aikinsa, don na ga ƙananan ƙofofi, amma kwaɓin bai motsa daga inda na bar shi ba. Dalili kuwa, yis iska yake fitarwa, gulutin ne ragar da ke riƙe iskar har burodi ya kumbura ya tsaya. Babu raga, iska ta yi gaba. Abin da ya fito daga gashi bulo ne sak, sai dai shi bulo ba ya marmashewa idan an yanka. Maigida ya ɗaga ya auna a hannu ya tambaya ko akwai saura, katangar baya na neman gyara. Masu yin burodin da ba alkama sai sun haɗa gari kala biyu ko uku da sitaci, su ƙara ƙwai ko wani ɗanƙo na musamman da zai tsaya a madadin ragar, kuma kwaɓin nasu ruwa-ruwa ne, zuba shi ake a gwangwani, ba a murzawa.

Nan na gane hikimar masa. Masar Bauchi da ake tsayar da mota a saya, shinkafa ce zalla, kuma tana tashi, saboda ƙullu ne mai ruwa kuma ramin tanda ne ke riƙe shi har ya gasu. Shinkafar tuwo gwangwani 4: a jiƙa 3 na awa 6, a dafa ɗaya ta yi luguf, a haɗa a markaɗa da albasa. Dafaffiyar ita ke ba da laushi da ɗan danƙon da ke haɗe ƙullun. Yis ƙaramin cokali 1, a rufe a wuri mai ɗumi awa 5 zuwa 6, da sanyin hunturu ya fi haka. In ya tashi a sa sukari da gishiri, in ya yi tsami a ɗiga ruwan kanwa kaɗan. Wuta matsakaiciya, in ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye. Ta saye kuwa sai an tambaya, don wasu masu suya suna barbaɗa fulawa idan ƙullu ya tsinke.

Ɗanwake ma haka. Na talla yanzu rabinsa fulawa ne, wani ma duka, waken suna kawai ya ara. Na gida: garin alabo gwangwani 2, garin wake 1, kuka babban cokali 2, a kwaɓa da tataccen ruwan kanwa. Rogon da kukar su ne masu danƙo. In aka rage alabo, ko aka jefa kafin ruwa ya tafasa sosai, ɗanwake ya watse ya koma kunu. In ya taso sama a ba shi minti 10 kafin a tsame cikin ruwan sanyi. Ƙosai da awara ba ruwansu da alkama, amma idan a man da aka soya fanke aka jefa su, sun kwaso.

Acca na aika aka sayo a kasuwar Muda Lawal, irin wadda ake kawowa daga wajen Bogoro da Tafawa Ɓalewa. Ƙwayarta da yashi girmansu ɗaya, don haka sai an rege ta a ƙwarya biyu, a juya a sake, har sai ƙasan ƙwarya ya fito fes. Wadda ta yi gaggawa za ta ji sakamako a haƙoran maigida. Fatenta da alayyafo da yakuwa da dakakkiyar gyaɗa abinci ne na gaske. Auta ya kalla ya kifar.

Sai injin niƙa. Injin unguwa ɗaya ne, mai funkaso ta niƙa alkamarta, ke ki bi baya da shinkafarki. Ƙa'idar duniya ta abincin da za a ce babu gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, abin da ragowar garin bakin inji ya ninka sau ba adadi. Dabarar ita ce a fara zuba gwangwani guda a niƙa a ware wa manya, sannan a niƙa na yaro, ko a yi da na'urar markaɗe ta gida. Rariya daban, muciya daban. Mai inji ya saurare ni har ƙarshe ya ce: "Anti, in wanke injin da sabulu ne ko da ruwan zamzam?"

Duk wannan wahala, halin Auta bai gusa ba. Abin da ya ƙaru kawai yunwa, kuma yaro mai yunwa ya fi mai ƙoshi iya birgima. Da na ga kumatunsa sun fara zubewa na ɗauke shi sai wajen likitar yara.

Ta ɗora shi a sikeli, ta duba katin awonsa, ta taɓa ciki, ta ja fatar idonsa ta leƙa. Ta ce cutar da ke sa a haramta wa mutum alkama har abada sunanta siliyak, garkuwar jiki ce ke far wa bangon ƙaramin hanji idan gulutin ya shiga. Kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita a duniya, kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce, don an same ta da yawa a yaran Sahrawi na yammacin Sahara. Wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama a shekarun 1940. Alamominta a ƙaramin yaro: gudawa mai daɗewa, kashi mai maiƙo da wari, kumburin ciki, rama ko tsayawar girma, ƙarancin jini, da yawan ƙunci. Akwai kuma borin jini na alkama, wanda ke fito da ƙuraje ko kumburin fuska ko amai cikin mintuna zuwa awa biyu. Auta ba shi da ko ɗaya. Yaron da ba shi da waɗannan, babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna cire alkama na gyara masa hali.

Ta ƙara da abin da ya sa na yi tsit. Gwajin jinin siliyak yana neman martanin jiki ga gulutin ne, don haka dole yaro ya kasance yana cin alkama kullum na aƙalla mako 6 kafin a ɗebi jini. Wanda aka riga aka cire masa, gwaji zai iya fitowa lafiya lau ko da yana da cutar. Gwaji ake fara yi, sannan a taɓa abinci. Ga shi kuma fulawar Najeriya doka ta sa ana ƙara mata bitamin A da sinadarin ƙarfe, wanda ya cire ta sai ya nemo madadinsu a hanta, ƙwai, wake, zogale da manja.

"Ƙarfe nawa yake barci, Maman Auta?"

Na ce sai babansa ya dawo daga majalisa, wajen 11.

"Me yake sha da dare?"

Na ce shayi, shi da babansa, a kofi ɗaya.

Ta ajiye biro. Ta ce mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, kuma daga shekara 3 ya koma 10 zuwa 13. Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, sannan yana tare jiki daga zuƙar sinadarin ƙarfe na abinci. A daina shayin, a kwantar da shi bayan isha'i, a ba shi abinci sau uku da ɗan abin taɓawa sau biyu kafin yunwa ta kai shi bango, a rage waya. In ya zube ƙasa a tabbatar ba abin da zai ji masa ciwo, a bar shi ya gama, kada a saye shi da biskit. Birgimar kuma ta shekarunsa ce, yawanci tana lafawa wajen shekara 4.

Da na kawo rahoto gida maigida ya ce shi bai ga laifin shayi ba, ai rabin kofi ne. Hajiya ta aika aka kira mai shayin ƙofar gida ta sanar da shi da bakinta cewa an janye dokar burodi, an kafa ta shayi, kuma wannan karon ita ce mai tsaro. Rigimar Auta ta ragu, ba ta ƙare ba. Ɗanwaken talla kuma maigida ya ce ya daina ci tunda ya ɗanɗana na alabo, haka faten acca, duk Asabar ni ce a bakin famfo da ƙwarya biyu.