An rubuta 600W a jiki, sai me?

Kun dai ga jerin kayan kwamfutar da wani bawan Allah ya wallafa jiya, ana ta zuba masa ma sha Allah. Ni ban ga abin yabo ba. Mutum ya kwashe kusan duk kuɗinsa ya zuba a katin girafik, sashen da ke sarrafa hoton wasannin kwamfuta, da aka zo kan PSU, akwatin da ke ba kowane sashe wuta, sai ya ce wanda ya zo kyauta a cikin gidan kwamfutar ya isa, wai ai an rubuta masa 600W a jiki. An rubuta! To ni ma ina da biro.

Don Allah ku kwance akwatin nan ku karanta ɗan jadawalin da ke gefensa. Katin girafik da furosesa duk daga layin 12V suke shan wuta. Akwati mai kyau kusan duk ƙarfinsa yana iya fita ta wannan layi. Na banza kuwa sai a tattaro layin 3.3V da na 5V a cike lissafi da su. In ka ga 25A a ƙarƙashin 12V, ninka 25 da 12 da kanka: 300W ke nan, rabin abin da aka buga da manyan baƙaƙe. Kuma kati ba ya shan wuta a natse. Wasa na yin zafi sai ya fizgi wuta farat ɗaya, fiye da abin da aka rubuta masa, na ɗan lokacin da ko ƙiftawar ido bai kai ba. Saboda wannan fizga ne Intel ta fitar da ƙa'idar ATX 3.0 a 2022, inda ta tanadi cewa manyan akwatuna su jure ninkin ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Akwatin kirki in abu ya fi ƙarfinsa sai ya kashe kansa, ka tashi ka sake kunnawa. Na banza ba shi da wannan kariya, ko kuma tana nan a rubuce kawai, kuma ranar da zai mutu yana iya tafiya da madabod, babban allon da ake jona komai a kai, da SSD, ma'ajiyar bayanai, da katin da ka yi wata da watanni kana tara wa kuɗi.

Na san masu cewa "nawa shekararsa uku lafiya ƙalau". Madalla, Allah ya ƙara masa tsawon rai. Masu cewa akwatin wuta ba ya ƙara saurin wasa kuma, gaskiyarku, ba ya ƙarawa. Kwamfutar da ke ɗaukewa a tsakiyar wasa saurinta nawa ne?

Sai 'yan tambari, wai ai yana da 80 Plus. Tambarin nan tun 2004 yake, kuma babban abin da yake aunawa shi ne: nawa ne daga wutar da ta shiga ke fita a matsayin aiki, nawa ne ke zama zafi. Bai ce komai ba a kan ingancin kafasitocin ciki, bai ce komai ba a kan kariya. Akwai ma masu liƙa shi ba tare da an gwada kayansu ba.

Ba na raina ƙaramin ƙarfi, wallahi. Na san yadda mutum ke kallon kati a allo har ya shiga ransa. Abin da nake roƙo kawai, sauka mataki ɗaya a kati, ragowar ka sa a wuta. A cikin katuna, RX 6600 tana shan 132W ne, RTX 4060 kuma 115W, Nvidia mai ita da kanta akwati mai 550W ta ce ya isar mata. Ba wanda ya ce ka sayi mai 1000W. Nemi 550W ko 650W na kamfanin da ya yarda ya ba ka garanti na shekara biyar, wanda masu gwaji suka buɗe cikinsa suka auna. Kati zai tsufa ka canza, ka sake canzawa, akwatin yana nan yana aiki. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne adaftar da aka ba shi shawara ya sa, daga SATA, wayar da ke ba irin su SSD wuta, zuwa mahaɗin kati mai fil takwas, tunda akwatin nasa ba shi da wayar kati. Mahaɗin SATA 54W aka yi shi ya ɗauka a 12V, mahaɗi mai fil takwas kuma an ba kati izinin jan 150W ta cikinsa. Robar za ta yi laushi, ta yi baƙi, sai ka ji ƙauri. Rashin wayar nan kansa saƙo ne, wanda ya ƙera akwatin bai taɓa nufin ka jona masa kati ba.

Kuma tunda an zo maganar wayoyi, masu akwatin da ake cire wa waya, ku daina aron wayar wani akwati don kun ga bakin ya shiga. Jerin filolin ta ɓangaren akwatin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wani lokaci har tsakanin kaya biyu na kamfani guda. Shi kuma mai jerin jiya, na ƙirga fankoki masu fitilu kala-kala har shida a ciki. Su an samu kuɗinsu.