Tafkin Kivijärvi da Kududdufan Zamfara

A yankin Kainuu na ƙasar Finland, inda nake zaune, akwai wani ƙaramin tafki mai suna Kivijärvi, wanda mai kallo daga gaɓa ba zai ga aibunsa ba, alhali can ƙasansa ya taɓa lalacewa. Mahaƙar Talvivaara, wadda ta fara aikin fitar da ƙarfen nikel a 2008, ita ce ta riƙa sako masa ruwan dagwalo mai ɗauke da gishirin salfet da sodiyam. Tafkunan wannan yanki sukan juya sau biyu a shekara, bayan narkewar ƙanƙara da kuma gab da shigowar sanyi, ruwan sama ya cuɗanya da na ƙasa, iskar da halittun ruwa ke shaƙa ta isa har gindi. Da yake ruwan gishiri ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya hana wannan juyawa, ƙasan tafkin ya rasa iska. A watan Nuwamba na 2012 kuma matattarar dagwalon mahaƙar ta ɓalle, sama da lita biliyan ɗaya na gurɓataccen ruwa mai ɗauke da nikel da yuraniyam ya malale.

Mutanenmu sukan ɗauka cewa irin wannan ɓarna ba ta aukuwa a Turai, amma kwaɗayin ma'adinai bai san launin fata ba. Kamfanin ya durƙushe a 2014, gwamnati ta karɓi mahaƙar a 2015 ta hannun kamfaninta Terrafame, wato masu biyan haraji ne suka ɗauki nauyin abin da wasu suka ɓata. Abin da ya bambanta su da mu, a ganina, shi ne awo. Ana ɗibar ruwan tafkunan nan a kai a kai ana aunawa, sakamakon kuma a buɗe yake ga kowa, shi ya sa da magana ta je kotu aka sami hujjar da ta kai ga kama shugaban kamfanin da laifin gurɓata muhalli.

A Zamfara kuwa, ba awo ne ya sanar da mu gubar dalma ba, yawan sababbin kaburburan yara ne ya ja hankalin likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF a 2010. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ana wanke garin a kududdufan da dabbobi ke sha. Ƙauyen Bagega da ke Anka bai ga aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013, kuma bayan shekara biyu masifar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Gaskiya ne cewa a can babban kamfani ne mai lasisi, a gida kuwa talakawa ne masu neman na tuwo, waɗanda kai su kotu ba zai amfani kowa ba. Sai dai wannan ƙara wa hukuma nauyi yake yi. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a ƙarshen 2024, kamata ya yi a auna rijiyoyi da kududdufan kowane ƙauyen da ake haƙa, a sanar da sakamakon da Hausa a rediyo, kuma kada kamfani ya kafa injinsa sai ya ajiye kuɗin gyaran wurin.