Shamuwa ta san lokacinta

Salama 'yan'uwa. Jiya da yamma na ga shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gidanmu, yara suna ta ihu wai damina ta zo, ni kuwa sai zuciyata ta tafi kan Irmiya 8:7 a cikin Littafi Mai Tsarki, har dare abin bai sake ni ba.

A wurin nan Ubangiji yana kuka da mutanen Yahuza ne. Ya ce shamuwa a sararin sama ta san lokacinta, kurciya da tsattsewa suna kiyaye lokacin dawowarsu, amma jama'arsa ba su san ka'idarsa ba. Annabi Irmiya bai ɗauko misalin daga nesa ba fa, ƙasarsu tana kan hanyar da tsuntsayen nan suke bi tsakanin Turai da Afirka, sau biyu a shekara suna ratsa kwarin Urdun garke-garke, shamuwarsu fara ce ta fi tamu girma, kowane manomi a Anatot garin Irmiya in ya ɗaga kai zai gan su, ba wanda ya aika musu takarda, ba wanda ya buga musu ƙararrawa, lokaci na yi sai su juyo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sunanta. Da Ibraniyanci ana ce mata hasida, tushensu ɗaya da hesed, kalmar nan ta ƙauna mai riƙe alkawari. Tsuntsuwa ke nan aka sa wa suna mai aminci! Kuma kalmar da suke amfani da ita wajen tuba, shub, asalin ma'anarta juyowa ne, komawa gida. In ka karanta aya 4 da 5 za ka ga ana ta maimaita ta. Wanda ya faɗi ba ya tashi ne? Wanda ya ɓace hanya ba ya juyowa?

Aya ta 6 kuma sai ga doki. Kowa ya sa kai a hanyarsa kamar dokin da ya zabura cikin yaƙi. Duk wanda ya taɓa ganin doki ya ƙwace linzami ya san ba kira yake ji ba. Annabi Ishaya ma tun kafin Irmiya ya faɗi irinta, sa ya san mai shi, jaki ya san inda ake zuba masa abinci. Mutanen Yahuza kuwa ba su ji ba, a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu sojojin Babila suka ƙone Urushalima da Haikali.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba ina nuna ku da yatsa ba ne. Ni kaina shekara biyu ba na magana da ƙanena saboda rigimar gona, kullum ina cewa sai na huce, ina zuwa sujada ina rera waƙa da wannan ƙulli a ƙirji. Shamuwa ta tafi ta dawo, ta sake tafiya ta dawo, ni ban juyo ba.

Daren jiya na kira shi, bai ɗauka ba. Yau da yamma in Allah ya yarda zan hau mashin in je gidansa da kaina, ku sa mu a addu'a.