Ka kalla tukuna, sannan ka ɗauka

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Akwai wata gonar dabino a bayan Masallacin Ƙuba, a Madina, da nake zuwa bayan asubar Juma'a, saboda wani ɗan garinmu yana aiki a ciki. Tun watan Fabrairu, lokacin da ake ɗebo furen namijin dabino a ɗaura wa macen, na zaɓi reshe ɗaya nake ɗaukar hotonsa da wayata duk mako. Da farko don in tura wa iyalina a gida ne kawai.

Jiya da dare na jera hotunan. 'Ya'yan sun fara ƙanana, kore shar, kamar ƙwayar wake. Suka yi girma, suka sauya launi, sannan a tsakiyar zafin Madina, lokacin da mutum ba ya iya taka ƙasa ba takalmi, suka fara laushi daga baki, abin da Larabawa ke kira ruɗab. Zafin da muke kuka da shi, shi ne ya nunar da su. Ban ga ranar da canjin ya faru ba, ko sau ɗaya. Ina barci ake yin aikin.

Sai na tuna faɗin Allah a Suratul An'am, aya ta 99, bayan ya ambaci dabino da inabi da zaitun da rumman: ku dubi 'ya'yansa idan ya yi 'ya'ya, da nunarsa. Umarni ne fa. Ba a ce mu ci kawai ba, an ce mu duba.

To amma wane irin dubawa muke yi? Sau nawa na shiga gonar nan na ɗaga waya kafin harshena ya motsa? Ina gyara haske, ina tunanin wa zai gani a Facebook, alhali ban ce Masha Allah ba. Wallahi wannan ya tsorata ni. Mai gonaki biyu na Suratul Kahfi ya shiga gonarsa yana alfahari, abokinsa ya ce masa: me ya hana da ka shiga ka ce Masha Allah, la ƙuwwata illa billah? Shi gonar tasa ce. Mu kuwa gonar ma ba tamu ba ce, hoton kawai muka mallaka, kuma da shi muke neman yabo.

Ɗan uwa, 'yar uwa, ɗaukar hoton tsiro ba laifi ba ne. Sai dai ka bar wayar a aljihu na ɗan lokaci. Ka tsaya, ka kalla har zuciyarka ta ambaci Wanda ya yi shi. Kuma ka nemi izinin mai gona, kada ka saka fuskar ma'aikaci ba da saninsa ba. Da yawansu ba sa so a gan su a gida cikin wannan halin.

Juma'ar nan za a sare reshen nawa. Abokina ya ce zai ajiye mini guda bakwai.