Intanet ba daga sama take saukowa ba

Ranar 14 ga Maris, 2024, masu POS a kasuwar Mile 12 da ke Legas sun wuni suna ɗaga na'ura sama suna neman sabis, ga 'yan tumatir da albasa sun yi cirko-cirko, kuɗi ya maƙale a banki. A wajen na ji wani dattijo yana cewa tauraron ɗan'adam ne ya lalace. Mutane da yawa haka suka ɗauka har yau, wai intanet daga sama take zuwa.

Gaskiya ta ƙarƙashin teku take zuwa. Wayarka tana magana da eriyar da ke unguwarku, daga nan saƙon ya bi wayoyin gilashi sirara kamar gashi da aka shimfiɗa a ƙasan teku har Turai. A nan Legas da yawansu suke fitowa tudu: MainOne da ta taso daga Fotugal a 2010, da Glo-1 mai zuwa Ingila, da Equiano ta kamfanin Google da ta iso a 2022.

A ranar ta 14 ga Maris, huɗu daga irin waɗannan wayoyin ne suka katse a gaɓar tekun Kodebuwa: WACS da SAT-3 da ACE da MainOne. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya je ya ciro wayar daga zurfin teku an ɗinke ta.

Akwai Starlink mai amfani da tauraro, ta shigo Najeriya a 2023, amma kason da take ɗauka kaɗan ne. Abin da ke damuna shi ne yadda aka yi ta zagin yaran POS a ranar, alhali ba su da laifin komai.